Me ya sa Barcino ta koma Barcelona? Nahawun da ya maƙale a sunayen garuruwan Rumawa

Duk mai bin ƙwallon Turai ya haddace sunayen garuruwan da bai taɓa takawa ba: Barcelona, Valencia, Sevilla, Milan, Napoli, Lyon. Waɗannan sunaye sun girmi ƙasashen da garuruwan ke ciki a yau nesa ba kusa ba, domin tun zamanin daular Rum ake sassaƙa su a jikin duwatsun gefen hanya. Sai dai in ka buɗe ƙamus na Latin ka nemi Barcelona, Barcino za ka tarar. Tarragona kuwa Tarraco ce, Narbonne ta kudancin Faransa kuma Narbo. To wannan jela ta "-ona" daga ina ta tsiro, tunda babu ita a sunan da ke cikin ƙamus? Amsar na cikin nahawu, kuma wanda ya gane ta ya gane rabin abin da ya sami sunayen nan a tsawon shekara dubu biyu.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu ba zai sha wuya a nan ba. A Larabci ana cewa Zaidun, Zaidan, Zaidin: mutum ɗaya ne, amma ƙarshen sunansa na sauyawa gwargwadon aikinsa a cikin jimla. Haka Latin take, illa dai inda Larabci ke da hali uku na i'irabin suna, ita shida gare ta. Ɗauki sunan birnin Rum kansa. In birnin ne ke aikata abu, Roma. In shi aka yi wa aikin, Romam. In mallaka ake nufi, wato "na Rum", Romae. In daga can aka fito, Roma kuma, amma da jan wasalin ƙarshe, bambancin da kunne ke ji alƙalami bai cika nunawa ba. Wasu sunayen ma ba wasalin ƙarshe kaɗai ke sauyawa ba, gaɓa guda ce ke ƙaruwa da zarar an bar hali na farko. Barcino sai ta zama Barcinonem, Barcinone. Carthago ta zama Carthaginem, Carthagine. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Sunayen garuruwa suna da wata doka tasu ta daban. Barume in zai ce ya tafi Italiya, dole ya sa harafin jarri a gaba: in Italiam. In yana cikinta, in Italia. In ya baro ta, ex Italia. Amma da gari, babu harafin komai. Romam kawai, an gane zuwa Rum ake nufi. Roma mai dogon wasali, daga Rum. In ma ya sa harafin ya ce ad Romam, ma'ana ta sauya, ya zama ya isa kusa da birnin ke nan bai shiga ba, irin zaman da janar-janar ke yi a bayan gari suna jiran majalisar dattawa ta ba su izinin shiga da bikin nasara. Dokar ta haɗa da ƙananan tsibirai irin su Rhodus da Delos, waɗanda tsibirin da garinsa kusan abu ɗaya ne, amma ba ta kai ga manya irin Sicilia da Sardinia ba, su kamar ƙasa ake ɗaukarsu.

Sai kuma tambayar "a ina?", kuma a nan ne abin ya fi daɗi. Tsohon harshen da Latin ta fito daga cikinsa yana da hali na musamman na nuna wurin zama. A yawancin kalmomi wannan hali ya mutu, ya narke cikin wasu, amma ya ƙi mutuwa a sunayen garuruwa da wasu 'yan kalmomi na yau da kullum. Romae, a Rum. Corinthi, a Korinti. Athenis, a Atina. Domi, a gida. Ruri, a ƙauye. Humi, a ƙasa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan: muna cewa baki amma "ya sa a baka", muna cewa kai amma "ta ɗauka a ka", kuma "na tafi Kano" ba ya buƙatar "zuwa". Hatta jinsi ya zo ɗaya, domin kamar yadda muke cewa Sakkwato ce ba Sakkwato ne ba, haka Rumawa ke ɗaukar Corinthus a matsayin mace duk da ƙarshenta irin na sunayen maza ne, saboda kalmar birni a wurinsu, urbs, tamace ce. Koguna kuwa maza ne, har irin su Sequana, kogin da ya ratsa Faris, mai ƙarshe irin na mata.

Akwai wani akwatin tagulla na kayan kwalliya da aka tono a garin Praeneste, wanda ake kira Palestrina a yau, an ƙera shi a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Maƙerin ya rubuta a jikinsa: Novios Plautios med Romai fecid, wato "Novios Plautios ne ya yi ni a Rum". Dubi kalmar Romai. Ita ce tsohuwar siffar "a Rum" kafin ta lanƙwashe ta koma Romae ta yi kama da siffar mallaka. Wannan kamanni ya rikita malaman nahawun Rumawa na baya, har suka riƙa koya wa ɗalibai cewa wai mallaka ake amfani da ita wajen nuna wuri, alhali hanya biyu ce ta haɗu a mararraba.

Kada a zaci su kansu masu harshen ba sa tuntuɓe a kan wannan doka. A ƙarshen shekara ta 50 kafin Miladiyya, Cicero, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin gwanayen rubutun Latin, ya rubuta wa amininsa Atticus wasiƙa yana kare kansa. Atticus ya kama shi da sa harafin in a gaban sunan Piraeus, tashar jiragen ruwan Atina. Cicero ya amsa cewa shi bai ɗauki Piraeus a matsayin gari ba, wuri ne kawai, don haka harafin na kan daidai. In ma akwai laifin da ya yi, to shi ne ba sunan ƙarshe irin na Girkanci maimakon na Latin. Abin dariya, yaƙin basasa na ƙofar gida a lokacin, saura 'yan makonni Julius Kaisar ya ƙetare kogin Rubicon da rundunarsa, amma mutanen nan biyu na musu a kan harafi. Shi kuwa sarki Augustus, marubucin tarihinsa Suetonius ya ce ba ya jin nauyin sa harafin jarri gaban sunayen birane in dai hakan zai sa a fahimce shi. A ganina Augustus ya fi Cicero hangen inda harshen ya dosa, domin cikin 'yan ƙarnuka harafin ne ya yi nasara, i'irabin ya rushe.

Da i'irabi ya rushe, kowane suna ya zama dole ya tsaya a siffa ɗaya. Wace siffa ce za ta rayu? Ba wadda ke cikin ƙamus ba. Ka yi tunanin yadda ake ambaton gari a bakin mutane: ina za ka, daga ina kake, a ina yake zaune. Da wuya gari ya zama shi ne mai aikata wani abu a cikin hirar ɗan kasuwa ko mai jaki. Shaidar wannan na nan a wasu kofuna huɗu na azurfa da aka tsinta a 1852 a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Vicarello, arewa da Rum. An ƙera su da siffar dutsen alamar hanya, an zana musu jerin zango-zango tun daga Gades, wato Cádiz ta Sifaniya, har zuwa Rum, zango 104 a tafiyar mil 1,840. A jikin ɗaya daga ciki ba za ka ga Hispalis da Corduba ba, Hispalim da Cordubam za ka gani, siffar "zuwa". Haka littattafan hanya na daular suke, cike da sunaye a siffar "zuwa" ko "a" ko "daga". Zuwa ƙarni na 5 wani malamin nahawu mai suna Consentius ya lura cewa wasu sunayen sun daskare a hali ɗaya ba sa motsi, ya ba da misalin Trallibus da Turribus da Sulcis.

Yanzu jelar Barcelona ta bayyana. Barcinonem ce asalinta. Harafin m na ƙarshe dama tuni ya yi rauni a baki, masu rubutu a bangon Pompeii, garin da aman wuta ya binne a shekara ta 79, sukan manta da shi. Aka sami Barcinone, sannan Barcinona, sannan n biyu a jere suka yi wa harshe nauyi ta farko ta koma l, kamar dai yadda Bononia ta koma Bologna. Tarraconem ta ba da Tarragona, Narbonem ta ba da Narbonne, Carthaginem ta ba da Cartagena.

A Italiya kuwa siffar "a" ce ta bar sawu mafi bayyana. Yawancin sunaye masu ƙarewa da -um sun koma -o: Mediolanum ta zama Milano, Tarentum ta zama Taranto. To me ya sa Ariminum ba ta zama Rimino ba sai Rimini, Brundisium kuma Brindisi, Asculum Ascoli, Tibur Tivoli? Saboda daga Arimini da Brundisii da Asculi da Tiburi suka gangaro, wato "a Ariminum", "a Brundisium". Masana da yawa na ganin haka Firenze ma take, daga Florentiae, ko da yake tsohuwar siffar Fiorenza ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita.

Sunaye masu siffar jam'i su ma suna da nasu labarin. Rumawa mayun wankan ruwan zafi ne, duk inda suka sami maɓuɓɓuga sai su kafa gari su kira shi Aquae, "ruwaye", su liƙa masa sunan wani. Aquae Sextiae, wadda Gaius Sextius Calvinus ya kafa wajen 122 kafin Miladiyya, ita ce Aix ta kudancin Faransa, kuma ba daga Aquae sunan ya fito ba, daga Aquis ne, "a wurin ruwaye". Sextius ya ɓace, ruwa ya saura. A arewacin Fotugal akasin haka aka yi: Aquae Flaviae ta zubar da ruwan ta riƙe sunan gidan sarautar Flavius, shi ne ya koma Chaves.

Faransa ce ta fi ko'ina ba da mamaki a wannan fanni. Kafin zuwan Rumawa ƙasar Gallia rarrabe take tsakanin ƙabilu, da suka ci ta kuma sai suka bar kowace ƙabila da yankinta da babban garinta. Garin ƙabilar Parisii shi ne Lutetia, na Remi Durocortorum, na Ambiani Samarobriva, na Turones Caesarodunum, na Bituriges Avaricum. Daga ƙarni na 3 zuwa na 4 sunayen garuruwan suka fara faɗuwa, sunan ƙabila ya hau kansu. Lokacin da sojoji suka naɗa Julian sarki a can a shekara ta 360, marubucin tarihi Ammianus da sunan ƙabilar Parisii yake kiran garin. Wannan s da ake rubutawa, galibi ba a furta ta a Faransanci, a ƙarshen sunan Faris da Reims da Amiens da Tours da Bourges, ragowar jam'in nan ce, "a wurin mutanen kaza". Misalin da ya fi burge ni shi ne inda kalma ɗaya ta haifi 'ya'ya biyu. Daga ƙabilar Pictavi, siffar jam'i Pictavis ta ba da garin Poitiers, siffar tilo Pictavum ta ba da sunan yankin, Poitou. Haka Andecavis ta haifi Angers, Andecavum ta haifi Anjou. Bambancin gari da lardinsa a taswirar yau, bambancin i'irabi ne da ya mutu tun fiye da shekara dubu.

Wannan ke nan game da jela. Gangar jikin sunan fa? A nan sai an yi hattara, domin mafi yawan abin da ake kira sunayen Latin ba Latin ba ne. Rumawa sun iske garuruwa da sunayensu, abin da suka yi kawai shi ne ɗinka musu jelar da za ta karɓi i'irabi. Ita kanta Roma ba ta da ma'ana a Latin. Rumawa sun ce daga sunan Romulus aka samo ta, wanda suke cewa ya kafa birnin a 753 kafin Miladiyya, amma ginin kalmar ya nuna akasin haka, Romulus ne aka ciro daga Roma. Masana na zamani sun rarrabu, wasu na danganta sunan da harshen Etruscawa maƙwabtansu, wasu da Rumon, wani tsohon sunan kogin Tiber. Varro, babban malaminsu da ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya, ya keɓe wani sashe na littafinsa kan harshen Latin ga sunayen wurare, kuma hanyarsa ita ce bin kamannin sauti. Tudun Capitolium wai daga caput, kai, saboda an tono kan mutum lokacin haƙa harsashin haikali. Tudun Palatium, cikin bayanan da ya kawo, har da cewa daga kukan tumaki ne. Yana da daɗin karantawa, yana kuma adana tsofaffin labarai, amma ba a gina hujja a kansa.

Daga Girkawa suka karɓi Neapolis, "sabon birni", wato Napoli. Abin lura shi ne su ma Rumawa abin da aka yi musu daga baya shi suka yi wa Girkawa: ba siffar ƙamus suka ɗauka ba. Garin da Girkawa ke kira Taras, "zuwa" gare shi Taranta ne, daga nan Tarentum. Akragas, Akraganta, Agrigentum. Daga Finikiyawa suka karɓi Carthago, asalinta Qart Hadasht, ita ma "sabon birni", kuma mai Larabci zai ji ƙamshin ƙarya, wato alƙarya, da hadis, wato sabo, a cikin kalmomin biyu, don harsunan 'yan uwa ne. Mutanen Carthago sun kafa wani gari a gaɓar Sifaniya suka ba shi wannan suna dai, da janar ɗin Rumawa Scipio ya ƙwace shi a 209 kafin Miladiyya sai Rumawa suka kira shi Carthago Nova don bambancewa, ya zama "sabon sabon birni".

Daga ƙabilun Gallia da Birtaniya kuwa suka gaji wasu gaɓoɓi da ke ta maimaituwa: dunum ganuwa ko tudu mai kagara, magus fili ko kasuwa, briva gada, ritum mashigin ruwa. Lugdunum, wadda Munatius Plancus ya kafa a 43 kafin Miladiyya, ta tsuke ta zama Lyon. Rotomagus ta zama Rouen, Noviomagus ta zama Nijmegen a Holan. Mediolanum, "tsakiyar fili", suna ne da garuruwa da dama suka ɗauka, Milan ce kawai ta yi fice. Wani lokaci a haɗa gambiza, kan Latin jikin ƙabila, kamar Augustodunum, "ganuwar Augustus", wadda baki ya tauna har ta koma Autun. Eboracum ta Birtaniya ta fi kowa shan juyi: Ingilishin farko suka ji ta kamar Eoforwic, garin gadu, mayaƙan Viking da suka kama ta a 866 suka ce Jórvík, daga nan York.

Wani abu da ke sa Rumawa taɓa sunan da suka iske shi ne camfi. A kudancin Italiya akwai gari mai suna Maleventum. Ba Latin ba ne asalinsa, amma a kunnen Barume yana kama da "mugun zuwa". Bayan sun fatattaki sarki Pyrrhus a kusa da shi a 275 kafin Miladiyya, suka kafa mazauninsu a can a 268, suka juya sunan ya koma Beneventum, "kyakkyawan zuwa", Benevento ta yau. Epidamnus da ke gaɓar Albaniya tana ɗauke da damnum, hasara, don haka suka fifita ɗaya sunan nata, Dyrrachium, wato Durrës. In kuma su ne za su raɗa sabon suna, sai su zaɓi na fata nagari: Valentia ƙarfi, Placentia daɗi, Florentia bunƙasa, Potentia iko. Valencia da Piacenza da Potenza ke nan.

Sunayen da Rumawa suka ƙirƙira da kansu ba su da wani adon kirki, sunayen ma'aikatan gwamnati da sojoji ne. Kasuwa a bakin hanya, Forum da sunan wanda ya kafa ta a siffar mallaka: Forum Livii ta zama Forlì, Forum Sempronii Fossombrone, Forum Iulii kuma ta haifi Fréjus a Faransa da yankin Friuli a Italiya. Inda koguna biyu suka haɗu, Confluentes, Koblenz ta Jamus. Bakin kogi, Ostia. Sansanin runduna ta bakwai a arewacin Sifaniya, Legio, a siffar Legionem ta koma León, ta yi karo da kalmar zaki a harshen Sifaniyanci, har zaki ya hau tutar masarautar alhali babu ruwan sunan da zaki. Kalmar castra, sansani, ita ce chester da caster da cester na Ingila, amma a lura ba Rumawa ne suka liƙa ta ba. Su Mamucium suke kiran Manchester. Waɗanda suka zo bayan tafiyarsu ne suka riƙa kiran duk kangon da ke da ganuwar Rumawa da wannan kalma. Akwai kuma garuruwan da sunansu lamba ce kurum, nisan da ke tsakaninsu da babban birni: Sesto na mil shida, Settimo na mil bakwai, da Ad Decimum, mil goma daga Carthago, inda Belisarius, janar ɗin Rumawan Gabas, ya karya rundunar ƙabilar Vandal a 533. Kalmar mil ɗin ma tasu ce, mille passus, taku dubu, kimanin mita 1,480, kuma ita ce ta bi ta bakin Turawan mulkin mallaka har ta sauka a Mil Tara ta Kano.

Gonaki ma sun ba da dubban sunaye. Gonar Cornelius ana ce mata fundus Cornelianus, shi ya sa Italiya ta cika da ƙauyuka masu ƙarewa da -ano. A Gallia jelar -acum ce ke wannan aiki, ta koma -ac a kudu, -y a arewa, don haka Aurillac da Orly, inda filin jirgin saman Faris yake, suna ɗaya ne, gonar Aurelius. Sunayen ƙasashe kuwa jelar -ia ake ba su, Gallia ƙasar Galli, Germania ƙasar Germani. Wannan jela ba ta mutu ba, da ita Flora Shaw ta ɗinka sunan Najeriya a jaridar Times ta Landan a 1897.

Sai manyan sunaye na sarauta, masu tsawo kamar kirari. A shekara ta 50 Agrippina, matar sarki Claudius, ta sa aka ɗaga darajar garin haihuwarta a bakin kogin Rhine, aka kira shi Colonia Claudia Ara Agrippinensium. Cikin kalmomi huɗun nan wadda ta rayu ita ce mafi rashin armashi, Colonia, wato Köln. Sarki da matarsa duk sun zube a hanya. Garuruwan da aka yi wa laƙabi da Augusta ba su ƙirguwa da yatsu, kuma kowanne ya zaɓi abin da zai riƙe. Augusta Praetoria ta riƙe na farko ta zama Aosta, haka Augusta Vindelicorum, Augsburg. Augusta Treverorum da Augusta Taurinorum suka yar da sarki suka riƙe ƙabila, Trier da Torino. Emerita Augusta, wadda aka kafa a 25 kafin Miladiyya don tsofaffin sojojin da suka ajiye aiki, ta riƙe sojojin, Mérida. Ba na jin akwai ƙa'ida ɗaya da za ta bayyana duka, amma mai yiwuwa abin da ya fi tasiri shi ne wace kalma ce ke bambance garin da maƙwabtansa a bakin mutanen yankin.

Wasu daga cikin sunayen nan sun iso gare mu tun kafin ƙwallo da rediyo, ta hanyar littattafan zaure. Bayan rushe Ƙudus, sarki Hadrian, wanda sunan gidansu Aelius, ya sake gina ta a ƙarni na 2 ya kira ta Aelia Capitolina. Sunan ya zauna har Larabawa suka karɓe shi a matsayin Iliya'u, kuma shi ne ya zo a hadisin Abu Sufyan da Hiraƙal a farkon Sahihul Buhari, inda aka ce a Iliya'u suka same shi. Flavia Neapolis, wadda sarki Vespasian ya kafa a shekara ta 72, ita ce Nablus, p ta koma b tunda Larabci ba shi da ita. Ashe Nablus da Napoli da Nabeul ta Tunisiya takwarorin juna ne. A Andalus, Caesaraugusta ta zama Saraƙusɗa kafin ta zama Zaragoza, Hispalis ta zama Ishbiliya kafin Sevilla. Duk mai ambaton Alƙurɗubi yana furta Corduba, mai haddar Shaɗibiyya yana furta Saetabis, garin Xàtiva na yau. Sabta, mahaifar Alƙali Iyal mai Ashafa, daga Septem take, bakwai, saboda wasu tuddai da Rumawa suka kira 'yan'uwa bakwai.

A arewacin Afirka ya kamata a bambance abu biyu. Akwai sunayen da Rumawa suka ɗora, kamar Constantina da sarki Constantine ya ba tsohuwar Cirta a 313, Ƙusanɗina ta Aljeriya. Akwai kuma na 'yan ƙasa da Rumawa suka rubuta da nasu haruffa kawai. Pliny ya lissafa Cydamus da Garama cikin garuruwan da Cornelius Balbus ya yi bikin cinyewa a 19 kafin Miladiyya, ya kuma ambaci yankin Phazania. Waɗannan su ne Gadamis, garin fataken da suka yi ƙarnuka suna zuwa Kano, da Jarma, da Fazzan. Kuskure ne a ce sunayen daga Latin suka fito. Mutanen wurin ne suka ci gaba da kiran garuruwansu, Latin ta zama shaida ce kawai kan tsufansu. Tarabulus ta Libiya kuwa Tripolis ce, "birane uku" a Girkanci, wato Oea da Sabratha da Leptis Magna. Da biyu suka zama kufai, sunan yankin ya tattara ya zauna a kan Oea, irin abin da ya faru da Lutetia. Ita ma Afirka da farko lardi ɗaya ce da Rumawa suka kafa a 146 kafin Miladiyya a kan kangon Carthago, Larabawa suka ce Ifriƙiya, kafin sunan ya mamaye nahiya.

Wani tarko na ƙarshe ga mai bin diddigi shi ne sunan da ya yi tsabta fiye da kima. Sunan da ya bi ta bakin mutane shekara dubu biyu yakan sha sassaƙa, kamar Autun da Aix. In ka ga wanda ya yi kama da na Latin sak, to sau da yawa hukuma ce ta tono shi daga littafi. Agrigentum ta bi ta bakin Larabawan Sisiliya ta zama Girgenti, haka ake kiranta har 1927, lokacin da gwamnatin Mussolini, mai son jingina kanta da tsohuwar daula, ta mayar da ita Agrigento. A tsakiyar tsibirin akwai garin Henna a kan dutse, wanda daga baya ake ce wa Castrum Hennae, "kagarar Henna", da siffar mallaka. Musulmi suka ci shi a 859. Kalmar castrum dama ta riga ta shiga Larabci tun da daɗewa a matsayin ƙasr, don haka suka kira shi Ƙasr Yanna. Da Normandawa suka karɓe tsibirin a ƙarni na 11, masu jin Latin suka mayar da ƙasr zuwa castro ba tare da wahala ba, amma Yanna ta shige musu duhu, suka ɗauka sunan mutum ne, Yahaya. Garin ya zama Castrogiovanni, kagarar wani Giovanni da bai taɓa rayuwa ba, ya ɗauki wannan suna ɗaruruwan shekaru, sai a 1927 aka soke shi aka rubuta Enna.